Kwana a Tsofaffin Gine-ginen Arewacin Wales: Gidan Gandu, Tsohon Masauki, Portmeirion ko Gidan da Za Ka Yi Girki da Kanka?

Wanda ya yi niyyar zuwa arewa maso yammacin Wales, wato yankin Conwy da Gwynedd da tsibirin Anglesey, kuma ya fi son kwana a gini mai tarihi maimakon otal irin na bakin babbar hanya, zai tarar zaɓi ya yi masa yawa. Kusan kowane masauki yana da shekara a jikin allonsa: wannan 1472, wancan 1522, na gaba 1573. Shekarar nan ta ginin ce, wani lokaci ma ta bango ɗaya ce a cikinsa. Kai kuwa ɗaki ɗaya za ka kwana, kuma yana iya zama a saman mashaya, ko a ƙarshen matakala mai murɗiya, ko a wani gini daban tsallaken titi da aka gyara shi irin na zamani. Saboda haka tambayar da ta fi amfani kafin a biya kuɗi ita ce a wane ɓangaren ginin ɗakin yake. Bayan ita sai batun mota, sai na abinci.

Masaukan yankin sun rabu gida-gida ne saboda yadda suka samo asali. Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci yankin da yaƙi a 1282 zuwa 1283, ya gina manyan gidajen tsaro na dutse a Conwy da Caernarfon da Harlech, sannan Beaumaris daga 1295. Garuruwa suka kafu a gindinsu, Conwy da Caernarfon har yau a cikin ganuwa suke, kuma a nan tsofaffin masaukai suka fi yawa. Aikinsu na asali irin na zangon fatake ne: a sauke kaya, a canza dawaki, a ci, a kwana, a tashi da asuba. Sun ƙara yawa bayan injiniya Thomas Telford ya gyara hanyar Landan zuwa Holyhead, wadda ake kira A5, ya kuma kammala gadar Menai a 1826 don wasiƙu da matafiya masu zuwa Ireland. Gidajen gandu kuwa na masu ƙasa ne da attajiran da suka yi kuɗi da dutsen rufi da layin dogo. Harajin gado da tsadar ma'aikata a ƙarni na 20 suka sa iyalai da yawa suka kasa riƙe su, wasu aka rushe, wasu suka koma otal.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi. Farashin da ake nunawa a Birtaniya ya haɗa da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, kuma na ɗaki ne, ba na kowane mutum ba, sai in an rubuta akasin haka. Abin da ke ƙara nauyi shi ne abincin dare, da kuɗin hidima na kashi 10 zuwa 12.5 da wasu gidajen abinci ke ɗorawa a kan takardar biya, da sharaɗin kwana biyu a ƙarshen mako. Farashi yana tashi sosai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba lokacin hutun makarantu, da makon Ista, da ranakun hutu na Mayu da ƙarshen Agusta. Majalisar Wales ta kuma amince a 2025 da dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar harajin baƙi, fam 1.30 kan kowane mutum a kowane dare a yawancin masaukai, ba kafin 2027 ba, kuma kowace ƙaramar hukuma ita za ta yanke ko za ta karɓa.

Na biyu halin ginin. Hukumar Cadw ce ke kula da gine-ginen tarihi a Wales, kuma tana sa su a mataki uku: I, II* da II. Ginin da ya shiga wannan rajista ba a canza masa taga ko a fasa masa bango ba tare da izini ba. Ma'anar wannan ga mai kwana ita ce taga mai gilashi falle ɗaya da iska da ƙarar titi ke ratsawa, daɓen katako mai kuka in an taka, rashin lif a yawancinsu, da rashin na'urar sanyaya ɗaki kusan ko'ina. A ɗakunan da ba a sabunta ba za ka ga famfon ruwan zafi daban na sanyi daban, ɗaya yana ƙuna ɗaya yana daskarar da hannu, sai ka toshe kwamin ka haɗa su kafin alwala. Ƙarfin ruwan shawa a bene na sama yakan yi rauni saboda tsohon tsari ne na tanki a ƙarƙashin rufi.

Na uku sauƙin zuwa. Jirgin ƙasa daga tashar Euston a Landan yana kai wa Llandudno Junction cikin kusan awa uku, ya wuce Bangor da Holyhead. Filin jirgin sama mafi amfani shi ne na Manchester, daga can a bi ta Chester a hau babbar hanyar A55 mai bin gaɓar teku. Duk abin da ke kan layin jirgin ƙasan ana iya zuwansa ba mota. Da ka shiga cikin duwatsu, lissafi ya canza.

Na huɗu abinci da ibada, wanda ga Musulmi shi ke raba gardama sau da yawa. Na biyar abin da ke iya ɓata tafiyar: bikin aure, karnuka, hayaniya, ambaliya, da sharaɗin mayar da kuɗi.

Gidan gandu da ya koma otal

Misali biyu sun isa su nuna faɗin wannan rukuni. Bodysgallen Hall yana tsakanin Llandudno da Conwy, mafi yawan gininsa na ƙarni na 17 ne, da hasumiya a tsakiya wadda ake danganta ta da ƙarni na 13, a matsayin wurin hango abokan gaba ga gidan tsaron Conwy. Yana mataki na I, filinsa ya haura eka 200, kuma tun 2008 yana hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, bayan kamfanin da ya gyara shi ya ba da shi kyauta. Palé Hall kuma yana kusa da Llandderfel a gefen kogin Dee, ba nisa da garin Bala. An gina shi tsakanin 1869 da 1871 don Henry Robertson, injiniyan layin dogo ɗan Scotland, kuma Sarauniya Victoria ta sauka a cikinsa a 1889. Yana da tsohon injin da ke ba shi lantarki daga ruwa, kuma a 2021 ya samu Koren Tauraro na Michelin, kundin da ke tantance gidajen abinci, saboda yadda yake kula da muhalli.

Wannan shi ne rukuni mafi tsada. A Bodysgallen da ire-irensa, mutum biyu su ajiye kamar fam 200 zuwa 400 a dare tare da karin kumallo, Palé kuwa daga kusan fam 300 yake farawa ya yi sama. Abincin dare na iya ƙara fam 60 zuwa sama da 100 kan kowane mutum, kuma da wuya ka kauce masa, domin sau da yawa babu wani gidan abinci da za ka taka da ƙafa. Wanda zai ci a gidan ya nemi farashin da ya haɗa kwana da abincin dare da karin kumallo, yakan fi sauƙi a kan biyan kowanne daban.

A nan tambayar ɓangare take da nauyi ƙwarai. Kusan rabin ɗakunan Bodysgallen suna cikin babban gidan, sauran kuma ƙananan gidaje ne a warwatse cikin lambu. Na babban gida su ne masu bangon katakon oak da murhu da tagogin dutse, amma sai ka hau matakala, kuma kana jin motsin maƙwabta. Na cikin lambu sun fi sirri, sun fi dacewa da mai iyali ko mai ciwon gwiwa, sai dai duk safiya da dare za ka ratsa fili zuwa ɗakin cin abinci, a ƙasar da ruwan sama ba ya neman izini. Wanda ya biya don tarihi aka kai shi gidan lambu zai ji an rage masa, wanda ya biya don natsuwa aka kai shi saman kicin shi ma haka. Duka biyun ana magance su da saƙo ɗaya kafin a biya kafin alƙalami.

Ta fuskar zuwa, ratar da ke tsakanin gidajen biyu babba ce. Bodysgallen 'yan mintuna ne a tasi daga tashar Llandudno Junction, daga can kuma Conwy da lambun Bodnant duk kusa suke. Bala ba ta kan babban layin jirgin ƙasa. Mai zuwa Palé ba mota sai ya sauka Ruabon ko Wrexham ya kama bas mai lamba T3 ko ya yi shatar tasi mai tsada, kuma bayan ya isa ba shi da hanyar zagaya yankin. Ba mota, Palé wurin zama ne kawai, ka ci, ka yi yawo a lambu, ka dawo.

Kicin na irin waɗannan gidaje shi ne ya fi sauraron buƙata ta musamman in an sanar da wuri, kwana uku ko fiye. Naman ragon Wales ya shahara, amma kada a ɗauka yankan halal ne sai sun tabbatar a rubuce. Mafita ita ce kifi da kayan lambu, tare da gaya musu a fili cewa ban da giya a miya ko kayan zaƙi, ban da kitsen alade, ban da jelatin. Ɗakunan suna da faɗi, wurin shimfiɗa darduma ba matsala ba ne.

Babban haɗarinsu bikin aure. Gidajen gandu da yawa da shi suke rayuwa, ranar Asabar a lokacin bazara kana iya tarar da baƙi ɗari da kiɗa har tsakar dare, an rufe falon da ka gani a hoto. A tambaya kai tsaye ko akwai biki a ranakun. Wasunsu, ciki har da Bodysgallen, suna da ƙa'idar shekarun yaran da suke karɓa, mai ƙananan yara ya duba wannan tun kafin ya kalli farashi.

Tsohon masauki a cikin gari

Bull's Head a Beaumaris yana kai asalinsa zuwa 1472, an sake gina shi a 1617, kuma 'yan taku ne daga gidan tsaron garin. Black Boy Inn yana cikin ganuwar Caernarfon, ana ƙiyasta shi daga wajen 1522. Castle Hotel yana kan babban titin Conwy. Groes Inn, mil biyu zuwa uku kudu da Conwy a hanyar B5106, yana cewa shi ne na farko da ya samu lasisi a Wales, a 1573, sai dai shi a karkara yake, yana son mota.

Farashin ya fi sauƙi, kamar fam 100 zuwa 170 a dare ga mutum biyu tare da karin kumallo, ya ɗan haura a tsakiyar bazara. Ba a tilasta maka cin abincin dare a gidan, kana fita ka zaɓa, kuma wannan kaɗai yana rage kuɗin tafiya da yawa.

Ginin shi ne abin sha'awa, shi ne kuma wahalar. Azarar rufi baƙa ce ta tsufa kuma tana ƙasa-ƙasa, dogon mutum sai ya sunkuya a wasu ƙofofi. Daɓe ya karkata har za ka ga an sa wa ƙafar gado katako don ya daidaita. Matakala siririya ce, babban akwati mai kilo 23 sai an ɗaga shi a tsaye, kuma ba lallai a samu mai taya ka ba. Bull's Head da Black Boy duka suna da ɗakuna a wasu gine-gine na kusa ban da asalin masaukin. Waɗannan sun fi shiru, banɗakinsu ya fi na zamani, amma ba su ne ɗakunan da aka ɗauki hoton da ya ja ka ba.

Dole a faɗi abu ɗaya ba kwana-kwana: ƙasan kowane irin wannan masauki mashaya ce. Sau da yawa a kan teburin mashayar za ka karɓi makulli, karin kumallo ma a ɗakin da aka sha giya jiya ake ci. Daren Juma'a da Asabar ana hayaniya har ƙarfe 11 ko fiye, da safe kuma motar kawo kaya tana sauke ganguna a ƙarƙashin taga. Wanda wannan zai dame shi, ko don addini ko don barci, ya nemi ɗaki a ginin gefe ko can baya a bene na biyu, ko ya bar rukunin gaba ɗaya. Karnuka ma ana maraba da su a yawancinsu, har cikin wasu ɗakunan kwana masu kafet. Sukan ware ɗakunan da kare ba ya shiga, amma sai wanda ya nema ake ba shi.

Karin kumallo na gargajiya ya ƙunshi naman alade iri uku: soyayye, da tsiran alade, da baƙin tsiran jini. Ka ce a ba ka na marasa cin nama, ko kifi da ƙwai, ka kuma tambaya ko a kasko ɗaya ake soyawa. Abu biyu da ke yaudarar baƙo: gasasshen burodi da cuku da ake kira rarebit sau da yawa da giya ake haɗa cukunsa, kifin da aka tsoma a ƙullu ma wani lokaci ƙullun da giya aka dama shi.

Inda wannan rukuni ya yi wa kowa zarra shi ne sauƙin zuwa. Conwy tana da tashar jirgin ƙasa a cikin ganuwa. Caernarfon da Beaumaris bas ne daga Bangor. Akwai masallaci a Bangor, akwai a Llandudno Junction, don haka mai son Juma'a daga waɗannan garuruwa ba zai sha wahala ba. Mai mota kuwa shi ne zai wahala, domin gari mai ganuwa ba a gina shi don mota ba, wurin ajiyewa kaɗan ne kuma yawanci na biya.

Akwai wani masauki da ya fita daban, Pen-y-Gwryd, a mahaɗar hanyoyin A4086 da A498 a gindin dutsen Yr Wyddfa, wanda Turawan Ingila ke kira Snowdon, mai tsayin mita 1,085. Gidan gona ne na farkon ƙarni na 19 da ya koma masaukin mahaya dutse. A nan tawagar John Hunt ta yi atisaye kafin Edmund Hillary da Tenzing Norgay su kai ƙolin Everest ranar 29 ga Mayu 1953, kuma sa hannun 'yan tawagar yana nan a jikin silin. Gidan ya riƙe tsohuwar al'ada da gangan: a buga kuge lokacin abincin dare kowa ya zauna a lokaci guda, wasu ɗakuna banɗaki ɗaya suke rabawa, kuma ba ya buɗewa kullum a tsakiyar hunturu. Mil ɗaya ne zuwa Pen-y-Pass inda hanyoyin hawa biyu suka fara, wurin da a lokacin cunkoso sai ka kama gurbin mota tun kafin ka zo. Ga mai hawan dutse babu kamarsa. Ga wanda ya zo hutu da iyali, zai ga kamar an hukunta shi, musamman da yake ƙwanƙolin duwatsun nan yana samun ruwan sama sama da milimita 4,000 a shekara.

Portmeirion

Wannan ƙauye ne da mai zanen gini Clough Williams-Ellis ya gina daga 1925 har tsakiyar shekarun 1970, a bakin kogin Dwyryd kusa da Porthmadog, da fasali irin na ƙauyukan gaɓar Italiya. Tarihinsa na shekara ɗari ne kawai, sai dai mai shi ya riƙa kwaso sassan tsofaffin gine-ginen da ake rushewa yana dasa su a nan, kamar jerin ginshiƙan da aka kawo daga Bristol da silin na ƙarni na 17 daga gidan Emral Hall.

Wurin kwana iri huɗu ne a wuri ɗaya. Akwai otal ɗin bakin ruwa da aka buɗe a 1926, ya ƙone a 1981, aka sake buɗe shi a 1988. Akwai ɗakuna a cikin gidajen ƙauyen masu launi-launi. Akwai Castell Deudraeth, gidan zamanin Victoria mai siffar gidan tsaro da ya koma otal a 2001, cikinsa na zamani ne sarai. Akwai kuma gidajen da ake haya a yi girki. Farashin ɗaki yana tsakanin na masaukin gari da na gidan gandu, kamar fam 180 zuwa 350, kuma ya haɗa da kuɗin shiga ƙauyen da masu zuwa yini ke biya.

Ribar kwana a nan tana zuwa ne da yamma, bayan an rufe ƙofa masu yawon yini sun watse, sai ƙauyen ya zama naku ku kaɗai har safe. Da rana kuwa, mai ɗaki a tsakiyar ƙauye zai ga mutane suna ɗaukar hoto a bakin tagarsa, matan da ke son sakewa sai sun ja labule yini guda. Castell Deudraeth yana can gefe, ya tsira daga wannan. Hanyoyin ƙauyen gangare ne da matakalu. Ba a shiga da karnuka sai na jagorar masu buƙata ta musamman, abin da zai yi wa wasu daɗi. Tashar Minffordd tana kusan mil ɗaya, amma layin gaɓar Cambrian ne mai tafiyar hawainiya, daga Landan kusan yini ake yi. Yashin bakin kogin yana jan yara in ruwa ya janye, kuma teku na dawowa da sauri, a duba jadawalin cikowarsa kafin a sauka.

Gidan tarihi da za ka yi girki da kanka

Ƙungiyar Landmark Trust, wadda aka kafa a 1965, tana ceto gine-ginen da suka kusa rushewa, ta gyara su, ta ba da haya don kuɗin ya riƙe su. A wannan yanki tana da Bath Tower, hasumiya a jikin ganuwar Caernarfon mai kallon mashigin Menai, da Dolbelydr kusa da St Asaph, gidan ƙarshen ƙarni na 16 inda Henry Salesbury, marubucin nahawun harshen Welsh na 1593, ya zauna. National Trust ma tana da irin waɗannan gidaje.

Ba a ba da su dare ɗaya. Tsarin shi ne kwana uku daga Juma'a zuwa Litinin, ko huɗu daga Litinin zuwa Juma'a, ko mako. Kuɗin na gidan ne gaba ɗaya, daga 'yan ɗaruruwan fam a Janairu zuwa sama da dubu a Agusta. Ga mutum biyu ba arha ba ne. Ga mutum biyar ko shida, in aka raba, yakan faɗi ƙasa da masaukin gari, ga kuma ragin kuɗin abinci.

A nan babu zancen wane ɓangare, duk ginin naka ne. Babu mashaya, babu biki. Kicin yana da tukwane da kwanuka, ana ba da zanen gado da tawul. Mai son nama ya saye shi a shagunan halal na Manchester ko Liverpool ya zo da shi a kula, sauran cefane akwai manyan kantuna a Bangor da Caernarfon da Llandudno. A gefe guda, gidajen Landmark bisa al'ada ba su da talabijin ko intanet, kuma bangon dutse mai kauri yana kashe sabis ɗin waya. Ba mai karɓar baƙi, in na'urar ɗumama gida ta tsaya sai ka kira mai kula da gidan ka jira. Bath Tower matakalarta tsaye take, ba ta tsoho ba ce ko yaro mai tatata. Wasu gidajen suna karɓar karnuka, a duba shafin kowanne. Ranakun bazara kuwa watanni da yawa kafin lokaci ake kame su.

| Ma'auni | Gidan gandu | Masaukin gari | Portmeirion | Gidan haya |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin dare, mutum biyu | fam 200–400 ko fiye | fam 100–170 | fam 180–350 | na gida duka, kwana 3 zuwa sama |
| Tsufan inda za ka kwana | ya danganta da ɓangare | ya danganta da ɓangare | mafi yawa ƙarni na 20 | duk ginin tsoho ne |
| Zuwa ba mota | wasu kaɗan | mai sauƙi | ana iyawa, da jinkiri | na cikin gari kawai |
| Iko kan abinci | sai an sanar da wuri | kana fita ka zaɓa | matsakaici | cikakke |
| Babban haɗari | bikin aure | hayaniyar mashaya, karnuka | cunkoson rana | ba mai taimako kusa |

Mota, yanayi da lokutan salla

Baƙo yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12, amma hannun hagu ake bi, kuma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, mai canza giya da kanta ta fi tsada kuma sai an kama ta da wuri. Tun 17 ga Satumba 2023 iyakar gudu a mafi yawan titunan cikin gari a Wales mil 20 ne a awa. Hanyoyin da ke kai wa gidajen gandu sau da yawa na mota ɗaya ne tsakanin katangar dutse biyu, da 'yan wuraren rabewa, tumaki kuma suna kwanciya a kan kwalta. Allunan hanya da harshen Welsh suke farawa, kuma tun 2022 hukumar gandun dajin yankin tana amfani da Eryri maimakon Snowdonia, da Yr Wyddfa maimakon Snowdon, a san sunayen biyu don taswira. Kwarin Conwy, musamman wajen Llanrwst, yana ambaliya a hunturu har a rufe hanya da layin dogo, wanda zai je tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya ɗauki farashin da ake iya sokewa ko da ya fi tsada da fam 15 ko 20.

A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:45 na dare, ta fito kafin 5 na safe. A Disamba kuwa magariba wajen ƙarfe 4 take. Alƙibla tana kudu maso gabas. Babu masaukin da za ka samu buta a banɗakinsa, a sa ƙarama a jaka. Soket irin na Najeriya ne mai ƙafa uku, mai zuwa daga Nijar ko Kamaru ko Chadi shi ne zai nemi adafta.

Wanne ya dace da wa

Ma'aurata masu kwana biyu, ba mota, da ke son a yi musu hidima: Bodysgallen, a babban gida in gwiwa lafiya, tsakiyar mako don kauce wa biki. Masu mota da kuɗi da ke son su yi nisa da kowa: Palé Hall. Wanda burinsa ya ga gidajen tsaron Conwy da Caernarfon da Beaumaris da kuɗi kaɗan, kuma mashaya a ƙasa ba za ta hana shi sakewa ba: masaukin gari, a ginin gefe. Mai hawan dutse: Pen-y-Gwryd, tsakanin Mayu da Satumba. Mai yara da suka ɗan tasa, ko mai son hoto: dare ɗaya ko biyu a Portmeirion, ba fiye ba, domin ƙauyen ƙarami ne, yini ɗaya ya ƙare shi.

Iyali babba, ko duk wanda batun halal da nisantar giya ya fi masa komai, gidan haya shi ne zaɓinsa, kuma a ganina shi ne ma ya fi ba da abin da ake nema a tafiyar tarihi. Mai mako guda zai iya haɗa biyu: kwana huɗu na Litinin zuwa Juma'a a gidan haya, da dare ɗaya a gidan gandu, ya zaɓi daren Lahadi kafin ya shiga gidan hayar, lokacin da 'yan biki sun watse kuma farashi ya sauka.